Tsoron fim daban, tsoron hanya daban

Jiya da daddare ni da ƙannena muka kalli wani fim ɗin aljanu a waya, ga shi an ɗauke wuta, autarmu har ihu ta yi, ni kaina wallahi gabana ya faɗi, amma ana gamawa sai dariya muna ta tsokanar wanda ya fi rufe ido. Irin wannan tsoron ai kai ka siyo shi da kuɗin datarka, in ya yi yawa ka rage sauti ko ka kife wayar shikenan. Haka Dodo yake a tatsuniya, ana cewa ƙurunƙus ya tafi abinsa.

Shi kuwa tsoro na gaske ba ya zuwa da kiɗa balle ka shirya. Duk wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna bayan harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022 ya san me nake nufi, ana dosar Rijana, garin da yankinsa ya yi ƙaurin suna wajen garkuwa da mutane, sai mota ta yi tsit, direba ya kashe rediyo, masu surutun siyasa duk sun koma Hasbunallahu a zuci, bakinka ya bushe ƙafafu su yi sanyi kuma ba wanda zai ce maka saura minti nawa a gama. Sinadarin adirenalin, wanda ke sa gaba ya faɗi in an tsorata, ɗaya ne jiki ke saki a duka biyun, sai dai a fim ƙwaƙwalwa ta san kana kan katifarka. Na hanya kuwa ko ka sauka a tashar Kawo ta Kaduna lafiya bai sake ka ba, kwana da kwanaki taya ta fashe a unguwa sai ka zabura, barci ma sai a hankali.