Tarihin Rayuwar Tuvia Bielski, Kashi na Biyar: Garin da Aka Gina a Ƙarƙashin Ƙasa

A makon jiya mun rabu da Tuvia Bielski, shugaban wasu Yahudawa da suka tsere wa kisan Jamusawa zuwa daji a Yaƙin Duniya na Biyu, da jama'arsa a wani tudu mai suna Krasnaya Gorka, a tsakiyar fadamar dajin Naliboki, a yammacin ƙasar da ake kira Belarus a yau. Sojojin Jamus sun yi wa dajin ƙawanya a watannin Yuli da Agusta na 1943, a farmakin da suka sa wa suna Hermann. Mutum sama da 700 suka ratsa laka da ruwa, wani wuri har ƙirji, yara a kafaɗa, suka yi kusan mako biyu a tudun cikin yunwa. Sun fito da rai, amma hannu rabbana, ga sanyi ya ƙarato.

Abin da ya fi damun Tuvia a lokacin ba Jamusawa ba ne, abokan yaƙinsa ne. Dajin yana hannun 'yan sari-ka-noƙen Tarayyar Sobiyet, ƙarƙashin Vasily Chernyshev, wanda aka fi sani da Janar Platon. A idon kwamandojinsa, taron tsofaffi da mata da yara kaya ne kawai: suna cin abinci, suna barin sawu, ba sa harbi. Sai aka raba ƙungiyar gida biyu. Yawancin masu bindiga aka haɗa su a rundunar Ordzhonikidze ƙarƙashin kwamanda ɗan Sobiyet, Zus, ƙanin Tuvia, yana shugaban masu leƙen asiri. Aka bar wa Tuvia iyalai da 'yan bindigogi kaɗan, aka kira su rundunar Kalinin. Wanda ba shi da amfani a dajin nan, ana iya tarwatsa shi kowace safiya, kuma Tuvia ya san haka.

Aikin farko shi ne makwanci. Ana zaɓar wuri mai ɗan tudu, domin idan aka haƙa a kwari ruwa zai tsattsafo daga ƙasa kafin a gama. A haƙa rami mai tsawo, a jera gungumen itace a bangonsa don kada ƙasa ta rufta, a kafa ginshiƙai a tsakiya, a ɗora rufin itace mai gangare biyu, sannan a lulluɓe shi da ƙasa da rassa yadda jirgin sama ba zai bambanta shi da daji ba. A ciki ana yin dogon gadon katako hagu da dama, a shimfiɗa ciyawa, a bar siririyar hanya a tsakiya inda murhun ƙarfe yake. Babban ɗaki irin wannan yakan kwashe mutum kusan 40. Matsalarsa hayaƙi da laima. Ɗanyen itace yana tayar da hayaƙin da ake hangowa daga nesa, ƙasa kuma ba ta bushewa, tufafi ma haka.

Murhu da tagogi da tukwane daga ina? Daga kangaye. Jamusawa sun ƙone ƙauyukan da ke kewaye da dajin, sun kashe wasu mazauna, sun kwashe wasu zuwa aikin dole. Gonakin dankalin Turawa suka rage babu mai tonawa. Mutanen Tuvia suka tone su, suka kwaso duk ƙarfen da wuta ba ta ci ba. Abin baƙin ciki ne, amma gaskiya ce: masifar da ta faɗa wa manoman nan ita ta ciyar da sansanin a farkon wannan sanyi.

Daga nan Tuvia ya yi abin da, a ganinmu, ya fi kowane harbi da aka yi a ƙarƙashinsa muhimmanci. Yahudawan garuruwan Nowogródek da Lida da yawa masu sana'ar hannu ne, kuma Jamusawa sun jinkirta kashe wasunsu ne saboda suna morar sana'arsu. A daren 26 ga Satumba 1943, fursunoni sama da 200 suka tsere daga sansanin aikin dole na Nowogródek ta ramin da suka haƙa da hannu, mai tsawon sama da mita 200, kuma da yawa daga waɗanda suka tsira wurin Tuvia suka nufa. Ya buɗe musu wuraren aiki: teloli, masu ɗinkin takalma, kafintoci, maƙera, masu gyaran agogo, wanzamai, gidan burodi, wurin niƙa, wurin yin sabulu. Aka yi majema, inda ake jeme fatun shanun da aka yanka, fatun su tafi wurin masu takalma da masu sirdi da linzami. A majemar nan ce masu addini suke taruwa yin ibada.

Dubi yadda lissafin yake. Ɗan sari-ka-noƙe da ke tafiyar dare cikin dusar ƙanƙara, takalminsa ya fi masa komai, bayan bindiga. Idan tafin takalmin ya ɓare, yatsunsa sun tafi. Idan kunamar bindigarsa ta karye ko katakon gindinta ya tsage, babu shagon da zai je. Sai rundunonin Sobiyet suka fara zuwa sansanin Bielski da takalma da bindigogi da agogo, suna biya da hatsi, da dabba, wani lokaci da harsashi ko makami. Sansanin ya koma tamkar kasuwar ƙauye ranar cinta. Da Janar Platon ya zo da kansa ya zagaya wuraren aikin, maganar tarwatsa su ta yi sanyi. Allura da guduma sun saya wa tsofaffi izinin zama.

Abinci kuwa bai taɓa isa ba. Ana tura samari masu bindiga da keken doki zuwa ƙauyuka masu nisa, su karɓo hatsi da dankali da dabbobi. Karɓa ce da bindiga a hannu, kuma manomin da Jamusawa suka tatsa da rana, 'yan daji suka tatsa da dare, bai ga dalilin son kowa ba. Wannan ɗaci yana nan a zukatan wasu iyalai na yankin har yau. Ƙa'idojin fitar da jini aka koye su. Ba a kwana a gidan wanda ba a sani ba: a watan Maris na 1943 wasu samarin ƙungiyar sun tsaya hutawa a wata gona, aka kai rahotonsu ga 'yan sanda, aka kashe kusan dukansu, kuma ramuwar da Asael, wani ƙanin Tuvia, ya jagoranta a kan iyalin gidan ta yi muni ƙwarai. Ba a dawowa kai tsaye, domin sawun keken doki a kan dusar ƙanƙara taswira ce ga maƙiyi. Naman da ke ɗigar jini ma haka.

Sai cuta. Mutum 40 a rami ɗaya, babu canjin tufafi, kwarkwata ta samu gida, ita kuma ce ke yaɗa zazzaɓin taifus. Aka gina gidan wanka mai tururi, ana gasa tufafi da zafi don kashe kwarkwatar da ƙwanta, aka ware ɗaki nesa da jama'a don masu zazzaɓi. Magani kusan babu, ƙarancin ganye ya sa dasashi yana kumbura, haƙora suna girgiɗi. Duk da haka waɗanda cutar ta kashe ba su da yawa.

Kada a ɗauka zaman adalci ake yi. Mai bindiga ya fi marar bindiga cin nama, na kusa da 'yan'uwan Bielski sun fi kowa ɗaki mai kyau, kuma akwai kurkuku a sansanin. Masu gunaguni suna da hujja. Amma dokar Tuvia guda ba ta taɓa canzawa ba: duk Bayahuden da ya iso, tsoho ne ko jariri, da makami ko babu, ba a mayar da shi. Kafin sojojin Sobiyet su iso a watan Yuli na 1944, jama'ar ta kai kusan 1,200, mafi yawansu mata da yara da tsofaffi.

Gunagunin nan bai tsaya a baki ba. Wani mai suna Israel Kessler ya kai ƙarar Tuvia wurin kwamandojin Sobiyet, kuma rigimar ta ƙare da kisa a cikin sansanin. Da wannan za mu fara a mako mai zuwa.