Jirgin da ya jera da mu a saman Atlantika

Da hantsi muka tashi daga Landan za mu Toronto, tafiyar kusan awa 8. A gefen taga wata dattijuwa ce 'yar Zariya, za ta je wa 'yarta zaman jego, tun daga Abuja muke tare.

Mun bar gaɓar Ayalan da kamar awa guda sai ta taɓa ni. "Ɗan nan, dubi can." Wani jirgi ne ƙasa da mu kaɗan, yana jan farin zare a bayansa, har launin jelarsa ana gani. Ta ƙara damƙe carbinta. "Duk faɗin sararin Allah, sai kusa da mu?"

Na ce, "Mama, ana ganinmu, mu da shi." Ƙafa 1,000 aƙalla ake bari tsakanin na sama da na ƙasa, kuma wannan tsohuwar ƙa'ida ce. Abin da ya sauya shi ne ganin.

Rada, na'urar da ke hango jirage daga ƙasa, ba ta kai tsakiyar teku. Shekaru da dama masu kula da zirga-zirgar jirage a Prestwick ta Sukotilan da Gander ta Kanada jiran saƙo suke yi, jirgi ya faɗi inda yake duk bayan kusan minti 14. Wanda ba ka gani kuwa dole ka ba shi fili, shi ya sa a da ake barin mil 40 na teku tsakanin jirgi da mai bin bayansa. A 2019 kamfanin Aireon ya fara aiki da na'urorin da ya ɗora a kan taurarin ɗan'adam 66 na kamfanin Iridium. Jirgi yana shelar matsayinsa, tauraro ya ji, cikin 'yan daƙiƙu labarin ya isa gaban mai kula. Tazarar ta dawo mil 14, matuƙi kuma ya fi samun izinin hawa inda iska ta fi masa sauƙi.

Akwai abin da ban faɗa mata ba. Tun Yunin 2009 teku ke tsorata ni, lokacin da jirgin Air France daga Rio ya faɗa Atlantika da mutum 228, aka kwashe kusan shekara biyu kafin a gano gangar jikinsa. A wurina ganin nan ya fi ragin man jirgi da lokaci daraja. Sai dai dukkansa ya rataya ne a kan jirgin ya san inda yake, ya kuma faɗa. In aka dagula siginar GPS, ko na'urar da jirgi ke shelar matsayinsa da ita ta yi shiru kamar ta jirgin Malesiya da ya ɓace a 2014, tauraro ba shi da abin ji. Wannan yana damuna har yau.

Maƙwabcin namu ya yi kusan rabin awa tare da mu, sannan ya karkata kudu. Mama ta bi shi da ido har ya ɓace, ta tambaye ni ko azahar ta yi a nan.