Gumagumai da jiragen ruwa: kwana biyu a Takoradi

Da asuba muka baro Accra, muka bi gefen teku ta Cape Coast, ba mu shiga Takoradi ba sai bayan azahar. Na sauka a zangon Sekondi, garin da ke manne da Takoradi, wajen wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana dako a tashar jiragen ruwa.

Washegari, bayan mun sha koko da ƙosai, ya ja ni zuwa Fort Orange, tsohuwar ganuwar da mutanen Holan suka gina a kan tudu. Daga nan ya nuna mini teku da sandarsa. "Ɗana, da can babu tasha. Jirgi can nesa yake tsayawa, 'yan ƙabilar Fante masu kwale-kwale su yi ta kokawa da igiyar ruwa kafin kaya ya isa gare shi."

Da farko cinikin katako ba ma a nan yake ba, a garin Axim yake, can yamma a bakin teku. Maɗacin kurmi ake sarewa, a turo gumaguman ta kogin Ankobra har bakin teku. Jirgin ƙasa ne ya juyo da arzikin. An fara shimfiɗa dogo daga Sekondi a 1898, ya kai Tarkwa a 1901, ya kai Kumasi a 1903, sai zinariya da kokon cakulan da katako suka riƙa gangarowa nan. Amma yaya za a ɗora gungume mai nauyin giwa a kwale-kwale? Gwamna Guggisberg na Turawan mulkin mallaka ya dage sai an gina tasha mai zurfi a Takoradi. Aka soma aiki a 1921, aka buɗe ta a 1928, ƙauyen masunta ya zama gari. Leburori suka kwararo, mutanenmu na arewa ma suka biyo da goro da shanu da awo, zango ya cika.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin wani icen katako da ake kira wawa a Gana. Ba ya nutsewa, saboda haka cikin ruwa ake tara shi, a ɗaure, a ja shi zuwa gindin jirgi. Baba, wato dattijon nan, ya ce a kan gumaguman suke tafiya kamar a kan titi, wanda santsi ya kwashe kuwa sai Allah.

Tun tsakiyar shekarun 1990 Gana ta hana fitar da ɗanyen gungume. Da muka leƙa tashar da yamma, kwantenoni na gani jibge, ga jar ƙurar ma'adinai ta rufe motoci. Baba ya daɗe yana neman inda suke ɗaure icen, bai gane wurin ba.