Yadda na yi tafintar fim ɗin fursuna da saniyarsa a Damagaram

A cikin tsofaffin finafinan Faransa da muke nunawa da majigi a farfajiyar wani gidan matasa a Damagaram, wanda ya fi koya mini aikin tafinta shi ne La Vache et le Prisonnier, wato Saniya da Fursuna, na Henri Verneuil, wanda ya fito a 1959. Aikina shi ne in zauna gefen allo da makirfo ina mayar da maganganun 'yan wasa zuwa Hausa, domin galibin dattawa da matan da ke zuwa ba su yi lakwal ba, wato makarantar boko, ba sa jin Faransanci.

Ɗan wasan barkwanci Fernandel ne ya fito a matsayin Charles Bailly, sojan Faransa da aka kama a Yaƙin Duniya na Biyu aka sa shi aiki a wata gona a Jamus. A 1943 ya yanke shawarar komawa gida, kuma maimakon ya haƙa rami ko ya yi shigar burtu, sai ya kama igiyar wata saniya mai suna Marguerite, ya riƙe bokitin tatsa, ya kama hanya da rana tsaka sanye da kayansa na fursuna.

Abu na farko da na gane shi ne dole a shimfiɗa tarihi kafin a kunna na'ura, in ba haka ba dabarar ba za ta shiga kai ba. Nakan gaya wa jama'a cewa lokacin da Faransa ta faɗi a 1940, Jamus ta kama sojojinta kusan miliyan 1.8, aka kwashe mafi yawansu zuwa Jamus. Yarjejeniyar Janeba ta 1929 ta yarda a sa ƙananan sojoji aiki amma ban da hafsoshi, shi ya sa aka tsare hafsoshi a sansanoni daban, sauran kuma aka rarraba su gonaki da masana'antu su cike gurbin mazan Jamus da ke fagen daga. Saboda haka ganin Bafaranshe yana jan saniya a ƙauye bai zama abin da zai tayar wa kowa hankali ba. Da zarar an fahimci wannan, 'yan kallo sukan riga ni gane abin dariyar, domin mutanen da suka tashi cikin dabbobi sun san cewa ba a tambayar mai kora shanu inda za shi.

Abu na biyu ya fi wuya, wato sanin lokacin da tafinta zai kama bakinsa. Rabin wasan Fernandel a fuskarsa yake, doguwar fuskar nan da manyan haƙora, kuma akwai wurare masu tsawo da ba shi da abokin hira sai saniyar. Idan na yi ta zuba a kan irin waɗannan wurare, dariya takan mutu. Sai na koma taƙaita jimla uku zuwa ɗaya, ina barin muryarsa ta fito, ko da ba a jin Faransanci. A ganina darajar fim ɗin tana nan, domin tausayin da ke tsakanin mutumin da dabbar ya fi barkwancin ƙarfi, kuma wurin rabuwarsu, inda ya yi mata alkawarin ba zai ƙara cin naman maraƙi ba, yakan sa fili ya yi dariya da jimami a lokaci guda.

Ƙarshen labarin ma ban taɓa share masa hanya ba. Bailly ya iso Faransa, ya sauka a tashar Lunéville, yana gudun 'yan sanda sai ya faɗa wani jirgin ƙasa da ya nufi Jamus. Matasa sukan yi ihu su ce an cuce su, amma ni ina ganin haka ya fi kusa da gaskiya, tunda fursunonin Faransa kusan miliyan ɗaya ba su ga gida ba sai 1945.

Tambayar da ta sauya yadda nake gabatar da fim ɗin daga wani dattijo ta fito, wanda ya ce mahaifinsa ya yi yaƙin Hitila a rundunar Faransa. Ya ce, "Yaro, namu da aka kama fa, ina aka kai su?" Na ce, "Baba, su ba a bar su a Jamus ba." 'Yan Nazi, saboda aƙidarsu ta wariyar launin fata, sun tsare mafi yawan sojojin Afirka a sansanoni cikin Faransar da suka mamaye, kuma Léopold Sédar Senghor, wanda daga baya ya shugabanci Senegal, yana cikinsu har 1942. Dabarar Bailly ta dogara ne ga iya ɓacewa cikin jama'a, abin da baƙar fata ba zai samu a ƙauyen Jamus ba. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira aka mayar da su sansanin Thiaroye kusa da Dakar, inda sojojin Faransa suka buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamba 1944 saboda sun nemi a biya su haƙƙinsu.

Tun daga lokacin, duk daren da muka nuna fim ɗin Verneuil nakan ware lokaci bayansa don wannan bayani, a mako mai zuwa kuma mu nuna Camp de Thiaroye na Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow, wanda ya fito a 1988.