Tsakanin 14mm, 16mm da 20mm: abin da na gani a gilashin kyamara masu faɗi

Abu na farko da gilashin 14mm ke yi wa mai ɗaukar hoton tsaunuka shi ne ya ƙanƙantar masa da dutsen da ya je dominsa. Lissafin a fili yake: girman abu a cikin hoto yana bin tsawon gilashi ne, wato lambar mm da ke jikinsa, don haka dutsen da ka ɗauka da 35mm, in ka koma 14mm daga inda kake tsaye, kashi 40 cikin 100 na tsayinsa kawai zai rage. Sauran wurin sararin sama ne da ƙasar da ke gaban ƙafarka za su cinye. Da wannan a raina na gwada gilasai iri uku a kan kyamara mai cikakken sensa, wato 36 da 24mm: zum na 14-24mm f/2.8 mai ƙulluɓen gaba, zum na 16-35mm f/4, da kuma 20mm f/1.8 wanda ba ya zum.

Daga kusurwa zuwa kusurwa, 14mm yana ganin digiri 114, 16mm yana ganin 107, 20mm kuma 94, 24mm 84. Milimita biyu tsakanin 14 da 16 a takarda ba komai ba ne, amma a ido tazara ce babba. Mai kyamarar APS-C, wato mai ƙaramin sensa, sai ya ninka lambar da 1.5, ko 1.6 in Canon ce, kafin ya kwatanta. 10mm ɗinsa shi ne kusan 15 ko 16 a nan.

Yadda na gwada su ba wani abu mai wuya ba ne. Kyamara a kan ƙafa uku, ISO 100 (ma'aunin yadda sensa ke jin haske), RAW (hoton da kyamara ba ta sarrafa ba), a kashe mai hana girgiza, a sa jinkirin daƙiƙa 2 kafin ɗauka don kada hannu ya motsa ta. Sai a ɗauki wuri ɗaya a f/4, f/5.6, f/8, f/11 da f/16 (lambar f tana nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga, tana ƙaruwa ƙofar na ƙanƙancewa), a buɗe a kwamfuta a girman kashi 100. Tsakiyar hoto ba ta bambance min komai ba, dukkansu suna da kaifi a nan. Kusurwoyi ne ke tona asiri. In ƙofar a buɗe take gaba ɗaya, ciyawar da ke kusurwar ƙasa takan yi dishi-dishi kuma ta yi duhu, amma da an kai f/8 sai gilasan uku su matso kusa da juna har sai ka ƙura ido kafin ka raba su. A f/16 kuwa dukkansu sun ɗan yi laushi, ba don aibinsu ba, haske ne ke watsuwa idan ƙofar ta yi ƙanƙanta. Tunda hoton sarari da rana kusan kullum tsakanin f/8 da f/11 ake ɗaukarsa, kaifi bai zama abin da ya raba min gardama ba.

Akwai gwaji guda da ba na tsallakewa, musamman in gilashin na hannu ne. Ka sami abu mai nisa, kamar bishiya a kan tudu, ka saita fokas a kansa a tsakiya, ka mayar da fokas ɗin na hannu don kada ya gusa. Sai ka juya kyamara ka sa bishiyar a kowace kusurwa daga cikin huɗun, ka ɗauka. In kusurwa ɗaya ta fi sauran dusashewa sosai, gilasan ciki ba su zauna daidai ba, kuma rage ƙofa ba ya warkar da wannan gaba ɗaya. Ka mayar wa mai shi.

Filta ce ta raba gardamar. Gilashin gaban 14-24mm ya kumburo waje, murfin inuwarsa a manne yake, babu zaren da za a murɗa filta. In kana son ND, wato filta mai rage haske, don ruwan da ke gangarowa ya yi santsi, ko dai ka ɗauki babban maƙalin filta mai faɗin 150mm, ko ka yanka 'yar siririyar filta ka sa ta baya in gilashin yana da gurbinta, kamar Sigma 14-24mm f/2.8 DG DN Art. Ta baya kuma tana nufin cire gilashi daga kyamara a fili, ƙura na shiga sensa. Shi kuwa 16-35mm murɗawa kawai za ka yi. Nikon Z 14-30mm f/4 S na 2019 ya kauce wa wannan matsalar, don yana kaiwa 14mm kuma yana karɓar filta ta 82mm. Sai dai a kula da kaurin zoben: filta biyu a jere a 16mm suna sa baƙi a kusurwoyi, sai a nemi mai siririn zobe ko a ɗan matsa zuwa 18mm.

Folaraiza kuma, wato filtar da ke cire ƙyalli ta ƙara wa sama shuɗi, aikinta daban ne a gilashi mai faɗi. Ƙarfinta yana kai ƙarshe ne a digiri 90 daga rana, ya ragu a kowane gefe. Gilashin da ke ganin sama da digiri 100 yana haɗa inda take aiki da inda ba ta aiki, sai sama ta fito da wani shuɗin tabo mai duhu a gefe guda, wanda gyara shi a kwamfuta wahala ne. Ina sa ta ne kawai don cire ƙyallin ruwa da na jiƙaƙƙen ganye, in sararin sama kaɗan ne a cikin hoton.

Nauyi ma ba abin rainawa ba ne ga mai hawan tudu. Wancan Sigma giram 795 ne, Sony FE PZ 16-35mm f/4 G giram 353, Sony FE 20mm f/1.8 G kuma 373.

Inda na fi daɗewa ina koyo shi ne inda za a tsaya. Gilashi mai faɗi ba rumbu ba ne da za a yi ta tura masa kaya. In ka tsaya a tsaye ka ɗauka daga tsayin ido, rabin hoton ƙasa ce fayau babu abin kallo. Sai an sauke ƙafa ukun zuwa gwiwa ko ƙasa da haka, an matso da wani abu, dutse ko saiwa ko tsagewar laka, har tazarar rabin mita. A nan batun fokas ke shigowa. A lissafi, 16mm a f/11 in ka saita a kusan santimita 80, komai daga santimita 40 zuwa iya gani zai fito. Amma wannan lissafin an gina shi ne a kan ƙaramin hoton da aka wanke, ba a kan sensa mai megafiksel 45 ba. Ni nakan ninka tazarar, in saita a mita ɗaya da rabi, in kuma abin gaban ya matso ƙwarai sai in ɗauki hoto biyu ko uku da fokas daban-daban in haɗe su daga baya. Iska ce maƙiyin wannan dabara, ciyawa ta motsa tsakanin hoto da hoto, haɗin ya ɓaci.

Ɗaga kan kyamara sama yana sa bishiyoyin gefe su karkato ciki, sunkuyar da shi kuma su baje waje, kuma 14mm ya fi kowa yin haka. Layin da sama ta haɗu da ƙasa, in ya kusanci bakin hoto, yakan lanƙwashe. Manhajar gyara tana miƙe shi, amma tana yanke gefe kaɗan, don haka nakan bar ɗan fili a kewaye. Rana kuwa in tana gefe, ƙulluɓen gilashi yana kama ta tun ba ta shigo cikin hoto ba, ya zubo da koren ɗigo. Tafin hannu a matsayin inuwa yakan isa, in dai bai leƙo cikin hoton ba.

Da dare labarin ya juya. F/1.8 yana shigar da haske kusan ninki biyar na f/4, f/2.8 kuma ninki biyu. Tsohuwar ƙa'idar raba 500 da tsawon gilashi tana ba 20mm daƙiƙa 25 na barin kyamara a buɗe kafin taurari su gusa, amma a sensa mai yawan fiksel taurari sun riga sun fara jan layi a haka, don haka nakan tsaya a 10 zuwa 13 in ɗaga ISO zuwa 3200. A duba taurarin kusurwa: in sun yi fukafukai, a rage ƙofar zuwa f/2.2 ko f/2.8.

Da na jera hotunan da suka yi min daɗi na duba bayanan da kyamara ke rubutawa a cikinsu, yawancinsu tsakanin 18 da 24mm suke. Shi ya sa 16-35mm f/4 ne ke zama a kan kyamarata, 20mm ya shiga jaka in akwai niyyar taurari. Shi 14-24mm ina ɗaukarsa ne don matsattsen kwazazzabo ko bakin kogo, inda babu wurin ja da baya.