Ta ce in rufa mata asiri, shi kuma abokin aikina ne

Ni aikina sauraro ne, in zauna da wanda yaƙi ya dagula wa zuciya mu yi ta magana har ya ɗan samu sauƙi, a wata makaranta nan Gadarif, a gabashin Sudan, da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira. Tun da yaƙi ya ɓarke a Hartum 15 ga Afrilun 2023 muke karɓar mutane, amma cikar da ba zan manta ba ita ce ta Disambar shekarar da yaƙin ya ci garin Madani, aji ɗaya iyalai da yawa, an kakkare tsakani da zannuwa.

A cikinsu akwai wata yarinya, mijinta ya rasu a hanya ya bar ta da yara. Da ta ji ina Hausa, iyayena mutanen Mai Wurno ne, garin masu jin Hausa nan Sudan, sai ta saki jiki da ni. A zamanmu na huɗu ta riƙe min hannu ta ce Yaya zan faɗa miki wata magana amma don Allah kar ta fita. Na ce faɗi ƙanwata, amana ce. Wallahi daga nan na yi kuskure, na ɗauki alkawari tun ban san nauyin kayan ba. Ta ce mai rubuta sunayen tallafi, wanda kullum muke shan shayi tare a bakin ƙofa, ya ce mata sunanta ba zai shiga ba sai ta same shi bayan isha'i.

Kwana uku ban yi barcin kirki ba. In maganar ta fita ita za a zaga ba shi ba, kun san yadda ake kallon bazawara, dangin mijin ma suna iya ƙwace yaran, in kuma na yi shiru gobe wata ce za ta tsaya gaban teburinsa da yunwa. Ga doka kuma, tun 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta wa ma'aikatanta neman mace a madadin tallafi, ƙungiyoyin da ke aiki da ita ma haka, kuma ko zargi ne dole ma'aikaci ya kai rahoto, mu ma mun sa hannu a kan hakan.

Zuciyata ta yi ta ce min je ki tare shi kawai. Allah ya taimake ni ban je ba, don da na buɗe baki zai gane wacce ta faɗa, ni in tafi gida ita ta kwana a makarantar. Sai na je wajen shugabata na ba ta labarin ba suna ba lambar aji. Tambaya ɗaya ta yi min, kin gaya mata tun ranar farko inda sirrin zai tsaya? Na sunkuyar da kai.

Na koma wajen yarinyar kafin in rubuta komai. Na ce ƙanwata ki yafe min, na yi miki alkawarin da bai kamata ba, shi dole in kai ƙararsa amma sunanki ba zai fito daga bakina ba sai in ke kika so, kuma ki zauna mu duba tare abin da zan rubuta. Ta ce Yaya kin ci amanata. Maganar nan har yau tana min ciwo, don tana da gaskiyarta. Duk da haka ta zauna, ita ce ma ta sa na cire ranar da abin ya faru da yawan yaranta, ta ce da waɗannan kaɗai zai gano ta, ni kuwa hankalina bai kai can ba sam.

An ɗauke shi daga teburin aka sa mutum biyu, ɗaya mace, bincike kuma aka bar wa masu shi. Yanzu duk wanda ya zauna gabana, kafin ya ce uffan sai na faɗa masa, sirrinka yana nan sai in akwai rai cikin haɗari, ko ana cutar da yaro, ko wani ma'aikacinmu na zaluntar mutane. Wasu na jin haka suke tashi su tafi, kuma ina barinsu.

Ita sati biyu ba ta leƙo ni ba. Ranar da ta dawo ta zauna inda ta saba zama, muka yi ta maganar tarin da ke damun ƙaramin ɗanta, waccan maganar kuwa ba ta sake tayar da ita ba.