Corolla ko Accord: Wadda Zan Saya Don Zirga-zirgar Yau da Kullum

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur a Najeriya, tambayar farko da mai sayen mota yake yi ita ce yawan man da take sha. Motoci biyu nake auna wa kaina, Toyota Corolla da Honda Accord, dukansu ƙirar 2010 kuma 'yan Kwatano.

Accord ta fi kwarjini, wannan ba abin musu ba ne. Tana da faɗin ciki, kujerar baya tana ɗaukar manya uku ba tare da matsi ba, kuma idan aka hau hanyar Kano zuwa Kaduna, injinta mai lita 2.4 yana ja cikin natsuwa. Sai dai yawancin tafiyata a cikin gari take, daga gida zuwa wurin aiki da makarantar yara, inda ake tsayawa ana tashi a cunkoso da na'urar sanyi a kunne, kuma a nan ne injin Corolla mai lita 1.8 yake rage wa aljihu nauyi. Bakanikena ma ya ja hankalina cewa titi mai ramuka yana saurin gajiyar da ƙafafun gaban Accord, don haka tilas a riƙa duba su.

Kayan gyaran kowacce suna samuwa a kasuwar Kofar Ruwa da ke Kano, amma Corolla ta fi riƙe daraja ranar sayarwa, abin da ya sa dillalai suke tsuga mata kuɗi tun farko. Duk da tsadar, ita zan saya, muddin bakanike ya duba giya da ƙarƙashinta kafin a yi ciniki.